Mat a taku na 12: laifin buɗin wasa ne ko na mai wasa?

Tambaya: Malam, na shiga wata ƙaramar gasar eshek (wato chess) ta masu sha'awa da aka shirya a nan Damagaram, kowane ɗan wasa yana da minti 15 a agogonsa da ƙarin daƙiƙa 10 a kan kowane taku. A zagaye na uku na riƙe baƙi, aka yi mini mat a taku na 12 mutane na tsaye a kaina, agogona kuwa yana nuna saura minti 13. Ga yadda wasan ya gudana: 1.e4 e5 2.Cf3 Cc6 3.Fc4 Cf6 4.Cg5 d5 5.exd5 Cxd5 6.Cxf7 Rxf7 7.Df3+ Re6 8.Cc3 Cd4 9.Fxd5+ Rd6 10.Df7 Cxc2+ 11.Rd1 Cxa1 12.Ce4 mat. Abokaina na fada sun ce duk laifin 1...e5 ne, wai in koma buɗin Sisiliya. Shin in bi shawararsu?

Amsa: Ƙanena, kada ka bar 1...e5 saboda wannan wasa. Takunka huɗu na farko ba su da aibi ko kaɗan, manyan ƴan wasan duniya suna yin su har gobe. Wasan ya fara karkacewa a taku na 5, ya tsananta a na 8, kai da kanka kuma ka rufe shi a na 10 da na 11, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da sauya buɗi zai warkar.

Saboda masu karatu da ba su saba da haruffan Faransanci da muke rubuta wasa da su a Nijar ba: R sarki ne, D sarauniya, T hasumiya, C doki, F kuma giwa, wato wadda ke tafiya a karkace. Soja ba shi da harafi, ƙaramin harafi da lamba irin e4 sunan gida ne a allo, alamar x tana nufin ci, + kuma kashedi ga sarki, mat kuwa kashedin da sarki ba shi da mafita daga gare shi, wanda ke ƙare wasa.

Abin da kuka buga shi ake kira kariyar dawaki biyu, kuma tsohon buɗi ne ƙwarai, domin Giulio Cesare Polerio na ƙasar Italiya ya yi nazarinsa tun ƙarshen ƙarni na 16. Dalilin da ya sa 4.Cg5 ke da ƙarfi a wannan wuri a fili yake. A farkon wasa gidan f7 ba shi da mai tsaro sai sarki kaɗai, ga shi giwar c4 da dokin g5 sun taru a kansa, kai kuma ba ka da damar yin rok (takun da sarki da hasumiya ke motsawa tare) ka kawo hasumiya ta tsare shi, tun da giwarka ta f8 ba ta fito ba tukuna. Dokinka na f6 ma ya tare wa sarauniyarka hanyar da za ta bi ta ci dokin g5. Siegbert Tarrasch, babban malamin wasa na Jamus, ya raina wannan taku, yana ganin aikin ɗan koyo ne a motsa doki sau biyu alhali sauran hafsoshi suna gida, amma rainin da ya yi bai hana takun cin mutane ba, kuma har yau ana ganinsa a manyan gasanni. Amsarka ta 4...d5 ita ce daidai, domin ta toshe wa giwa hanya.

Sai ka tsaya ka dubi allon da kyau bayan 5.exd5, domin a nan ne zuciyar maganar take. Sojan fari yana zaune a d5, kuma shi da kansa ne ya zama marfin da ya rufe wa giwarsa hanyar f7. Muddin yana wurin, giwar c4 makauniya ce. Da ka ci shi da doki, sai ka cire marfin abokin karawarka ka sa naka ɗan a gurbinsa, wanda kuma za a iya ɗaure shi a kai masa hari. Ban da haka, dokin da ya bar f6 ya buɗe layin f gaba ɗaya, shi ya sa sarauniya ta samu damar yi wa sarkinka kashedi daga f3 a taku na 7. Na san abin da ke jan kusan kowane sabon ɗan wasa zuwa 5...Cxd5: yana maido da sojan da aka ci, kuma yana buɗe wa sarauniya ido a kan dokin g5, sai mutum ya ga kamar ya ci riba biyu. Lissafin yana da kyau in da dokin zai ja da baya, amma ba zai ja ba, gaba zai faɗa.

Wannan sadaukarwa ta 6.Cxf7 Italiyawa suna kiranta Fegatello, kuma akwai wasan Polerio da aka adana wanda aka buga ta a cikinsa, ana danganta shi da wajen shekarar 1610. Ke nan abin da ya same ka a zauren gasa ya shekara fiye da 400 yana samun mutane. Fari ya ba da doki, wanda darajarsa ta kai soja uku, ya karɓi soja ɗaya, sauran kuɗinsa kuma yana karɓarsu ne ta hanyar fito da sarkinka tsakiyar fili. Bayan 7.Df3+ ba ka da zaɓi na gaskiya sai 7...Re6, kuma ka yi daidai da ka je can. Da ka koma e8, da ya ci dokin d5 da giwa, ya fi ka da soja ɗaya, ka rasa damar rok, ga kuma barazanar mat a f7. Da ka shiga g8 kuwa, da 8.Fxd5+ ya gama da kai nan take, ko dai ka ba da sarauniya ko ka tare da giwa a e6 a ci ta da mat. Wani abin da ya kamata ka sani shi ne, masana da yawa suna ganin fari yana da abin da ya ma fi wannan sadaukarwa tsabta, wato 6.d4, wanda ake jingina wa Giambattista Lolli, marubucin wasa na Italiya a ƙarni na 18. A can fari yana buɗe hanyoyin hafsoshinsa tukuna, ya ajiye faɗawa f7 sai lokacin da ta fi zafi. Saboda haka ko da ka haddace duk kariyar Fegatello, 5...Cxd5 bai tsira ba.

A taku na 8 lissafi ne kawai ake bukata, irin wanda ake yi da yatsu. Dokinka na d5 a ɗaure yake, ba ya iya motsi domin sarki na bayansa. Masu kai masa hari uku ne: giwar c4, sarauniyar f3 da dokin c3 da ya fito yanzu. Masu tsaronsa biyu ne, sarki da sarauniyar d8. Uku sun fi biyu, don haka dole ka kawo na uku, kuma gidaje biyu ne kawai dokin c6 zai iya zuwa ya yi wannan aiki, b4 ko e7. Mafi kyau shi ne 8...Cb4, domin yana tsare d5, yana leƙen c2, kuma ya bar wa sojan c hanya ya zo c6 ya ƙara tsaro. Kai sai ka zaɓi 8...Cd4, ka kai wa sarauniyarsa hari. Harin na gaske ne, amma kashedi yana gaba da kowane hari, domin wanda aka yi wa sarkinsa kashedi ba shi da ikon yin komai sai ya amsa. Ya ci dokinka da 9.Fxd5+, ba ka kuma iya ramawa da sarauniya ba, tun da tasa za ta ci taka da kashedi, dokin c3 na tsaronta. Daga nan ya maido da dokin da ya bayar, ya fi ka da soja, sarkinka kuma yana d6 a gaban hafsoshinsa maimakon bayansu.

Kada ka ɗauka 8...Cb4 hutu ne. Fari yana iya yin rok ya biyo da d4, ko ya kawo sarauniya e4 ya kori dokin da a3, kuma baƙi zai daɗe yana neman taku ɗai-ɗai masu wuyar gani kafin ya numfasa. Na'ura irin Stockfish tana iya jan irin wannan wasa da nisa ba tare da gumi ba, amma mutum mai minti 15 a agogo, ga zafi ga idanun jama'a, ba na'ura ba ne. A gasar ƙasashen duniya da aka yi a Tromso ta ƙasar Norwe a 2014, Alexei Shirov ya buga wannan sadaukarwa a kan Sarunas Sulskis na Lituweniya, wanda shi ma babban gwani ne. Sulskis ya yi 8...Cb4 yadda littafi ya ce, daga baya dokinsa ya ci c2 ya wuce ya ci hasumiyar a1, kamar dai yadda naka ya yi, kuma ya sha kaye. Idan gwani mai wannan matsayi bai fita daga ramin ba, hikima ita ce kada a shiga shi tun farko.

Taku na 10 shi ne ya fi damuna a wasanka, fiye da na 5, domin na 5 rashin sani ne, ana gyara shi da karatun yini guda. Dokinka yana barazanar cin c2 da kashedi ya haɗa da hasumiya, abokin karawarka yana ganin haka sarai, amma bai tsare c2 ba, sai ya kai sarauniya f7. Duk lokacin da mutum ya bar maka hasumiya a banza, tambayar farko ita ce me ya gani da ya fi hasumiya. Da ka ba wa allon rabin minti, da ka ga cewa sarkinka ba shi da gida ko ɗaya da zai shiga idan doki ya sauka e4: c7 da e5 sojojinka ne suka cika su, sarauniya ta riƙe d7 da e7 da e6, giwa ta riƙe c6, dokin zai riƙe c5, ita giwar kuma ba ta ciyuwa domin sarauniya na tsaronta ta e6. Abin da ya dace shi ne 10...De7, wanda ke yanke wa sarauniyarsa layi na bakwai, ya ba sarkinka mafaka a d7, ya kuma nemi musayar sarauniyoyi, wadda ita ce burin duk mai sarki a fili. Wasan zai ci gaba cikin wahala, amma zai ci gaba. Ko bayan 11.Rd1 ma wannan taku yana nan, sai dai a lokacin zai ci maka dokin c2. Kai kuwa ka miƙa hannu ka ɗauki hasumiyar da ba ta taɓa motsawa ba, kuma ba ta da hannu a yaƙin, kamar ɗan kokowar da ya duƙa neman ƙafar abokin karawa alhali an riga an ɗaga tasa.

Agogonka ya faɗi sauran labarin. Minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 sau 11 sun kusa minti 17, ka tashi da 13, ke nan duk wasan bai ci maka minti 4 ba. Wannan ɗabi'a ce da wasan waya ke koyarwa, inda ake buga minti uku ko ɗaya a Lichess ko Chess.com, in an sha kaye a danna sabon wasa kafin shayi ya huce. Ba na hana kowa wannan nishaɗi, amma hannun da ya saba da shi yana riga ido isa allo, kuma a gasa dokar taɓa ɗa ta tilasta maka motsa abin da ka taɓa. Minti 13 da ka fita da su ba a ƙara maka su a zagaye na huɗu ba. Ranar da doki ya faɗo maka f7, ko sarauniya ta matso kusa da sarkinka ba tare da ta ci komai ba, ranar ce aka ba ka agogon dominta, kuma ba asara ba ce ka kashe minti uku ko huɗu a kan taku ɗaya irin wannan.

Yanzu ga abin da za ka buga a maimakon 5...Cxd5. Babbar hanya ita ce 5...Ca5, wadda ke barin sojan d5 a wurinsa ta kai hari kan giwar c4, uwar duk barazanar. Yawanci wasan yana bin 6.Fb5+ c6 7.dxc6 bxc6 8.Fe2 h6 9.Cf3 e4 10.Ce5 Fd6 11.d4 exd3 12.Cxd3 Dc7, inda a taku na 11 sojanka ke cin nasa a wuce. Ka jera wannan a allo ka ƙirga. Fari yana da soja shida, kai kana da biyar, wato ka ba da ɗaya kuma ba lalle ya dawo ba. Amma dokinsa guda ya yi tafiya biyar, giwarsa ta yi uku, dokin b1 da giwar c1 da hasumiyar a1 ba su ko motsa ba, alhali giwarka da sarauniyarka sun jeru suna kallon h2, ɗayar giwar tana da hanya a buɗe, sarkinka na shirin rok, layukan b da d da e kuma suna jiran hasumiyoyinka. Wanda ya zo kai hari a taku na 4 ya koma mai kare kansa. Wannan matsayi yana da nasa sharaɗi, kuma gara ka san shi tun yanzu: dokinka na a5 yana gefe, sai ka nemo masa hanyar dawowa ta c4 ko b7, sojojinka na a7 da c6 kuma a rarrabe suke, don haka idan ka yarda aka yi ta musaya har allo ya bushe, sojan nan ɗaya da ka bayar shi zai kashe ka a ƙarshe. Mai buga wannan hanya dole ya riƙe sarauniyarsa ya ci gaba da matsa lamba.

An daɗe ana gardama a kan ko sojan ya kai wahalar da fari ke sha. Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko, ya nace cewa fari zai iya janye dokinsa zuwa h3 a taku na 9 ya riƙe ribarsa. Mikhail Chigorin na Rasha ya ƙi yarda, suka gwada a wasan da suka yi ta wayar tangaraho tsakanin 1890 da 1891, Chigorin ya yi nasara da baƙi. Bayan shekaru fiye da 70 Bobby Fischer na Amurka ya farfaɗo da takun Steinitz, ya ci Arthur Bisguier da shi a 1963. Buɗin da irin waɗannan mutane suka yi ta ja-in-ja a kansa ba shi ne za a yar saboda mat ɗaya a Damagaram ba.

A gasar masu sha'awa ba kowa ne zai janye giwarsa zuwa e2 ba, saboda haka ka shirya wa wasu taku biyu. Na farko 8.Fa4, wanda ido ke so domin yana riƙe ɗaurin c6, amma kuskure ne: bayan 8...h6 9.Cf3 e4 10.Ce5 Dd4 sarauniyarka ta haɗa giwa da doki a hari ɗaya, kuma idan ya nemi tsira da 11.Fxc6+ Cxc6 12.Cxc6, sai ka yi 12...Dc5, dokinsa ya rasa gidan da zai sauka lafiya. Na biyu 8.Df3, wanda ke hana ka cin giwar b5 domin hasumiyar a8 za ta tafi. Amsa mai kyau ita ce 8...Tb8, kuma idan ya yi kwaɗayin soja na biyu da 9.Fxc6+ Cxc6 10.Dxc6+, ka tare da 10...Cd7, wanda ke buɗe wa sarauniyarka hanya zuwa dokin g5 yayin da giwarka ke shirin korar sarauniyarsa daga b7. Akwai kuma 8.Fd3 da manyan ƴan wasa suka yawaita bugawa a wannan zamani, shi ma ka duba shi idan ka samu sarari.

Za ka ji ana yabon 4...Fc5, harin da Karel Traxler, wani limamin coci ɗan ƙasar Cek, ya buga a 1890, inda baƙi ke ƙyale f7 ya faɗa wa f2. Yana da daɗin kallo, amma ban ba ka shawararsa ba a yanzu, domin haddar da yake bukata ta fi ta duk abin da na lissafa a sama, kuma fari mai natsuwa yana iya ci da giwa a f7 maimakon doki ya kauce wa yawancin tarkunan.

Idan kuma ka auna halinka ka ga ba ka son ba da soja tun da wuri, akwai hanya mai sauƙi da ba ta fitar da kai daga 1...e5 ba. Ka fito da giwa kafin doki, wato 3...Fc5, buɗin Italiya. A nan 4.Cg5 kyauta ce, sarauniyarka za ta cinye dokin tun da f6 a buɗe yake. Idan ya jira ka fito da dokin sannan ya zo g5, ka riga ka samu damar rok, hasumiya ta tsaya bayan f7, kuma in ya ba da doki da giwa ya karɓi hasumiya da soja, kai ne ka ci riba a tsakiyar wasa, domin hafsoshi biyu masu aiki sun fi hasumiyar da ba ta samu layi ba. Abin da ban so ka yi shi ne 3...h6 don tsoron dokin, wanda na ga yara da yawa suna yi bayan an ƙone su sau ɗaya. Taku ne da ba ya fito da kowa, kuma fari zai amsa da d4 ya buɗe tsakiya kana baya.

Game da shawarar abokanka ta fada, buɗin Sisiliya, wato 1...c5, buɗi ne mai daraja, Fischer da Garry Kasparov sun gina sunansu a kansa. Sai dai ba ya ɗauke f7 daga allo. Fischer da kansa, idan yana riƙe da fari, ya shahara da kai giwa c4 a kan masu buga Sisiliya, kuma sadaukarwa a e6 da f7 da d5 abincin yau da kullum ne a can, ga rassa irin su Najdorf da Dragon da haddarsu ke wuce taku 20. Wanda bai ƙirga masu hari da masu tsaro a d5 ba, bai kuma tambayi dalilin 10.Df7 ba, zai gamu da irin wannan mat a Sisiliya, sai dai a wani gida daban. Buɗaɗɗen wasan 1.e4 e5 shi ne inda ake koyon waɗannan abubuwa da wuri, domin kuskure yana bayyana nan take, kamar yadda naka ya bayyana.

Kafin gasa ta gaba, ka samu aboki ɗaya mai ƙarfi kamar naka, ku jera matsayin da ke bayan 7...bxc6, ku buga shi da agogon minti 15, kuna musayar launi, kowa yana rubuta takunsa ko da dokar wasan sauri ba ta tilasta rubutu ba. Sai kun gama kun yi gardama a kan wasan da bakinku sannan ku buɗe na'ura ta nuna muku inda kuka kauce. Ku yi haka ma da matsayin da ke bayan 8.Cc3, amma a wannan karon kai ka riƙe fari, domin a zagayen da za ka samu fari akwai yiwuwar wanda ke gabanka shi ma ya ci d5 da doki, kuma a lokacin za ka bukaci sanin abin da za ka yi idan ya amsa da 8...Cb4 ko 8...Ce7, wanda maganinsa shi ne 9.d4 nan take, kafin ya samu sukunin kawo soja c6 ya janye sarkinsa.